Kwandalar Yen 100: Gidajen Gem na Japan da Masu Kwashe Injinansu Zuwa Gida

Duk wanda yake son ya fahimci gidajen wasan gem na Japan, to ya fara da kwandalar yen 100. Da ita aka buga Space Invaders a 1978, kuma har yau, bayan shekara arba'in da wani abu, ita ce kuɗin wasa ɗaya a mafi yawan injinan ƙasar. Kuɗin haya ya tashi, wutar lantarki ta yi tsada, haraji ya hau, amma ramin jefa kuɗi da ke jikin akwatin bai san wani abu ba sai wannan kwandala guda. Ita ta tsara yadda ake ƙera wasannin da yadda ake zama a buga su, kuma tana cikin manyan dalilan da suka sa gidajen ke rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ita ce kuma abu na farko da ke rasa amfani ranar da mutum ya sayi injin ya kai ɗakinsa.

Manyan kamfanonin harkar sun girmi wasan bidiyo. Masaya Nakamura ya fara abin da ya zama Namco a 1955 da dawakan katako guda biyu da yara ke hawa a rufin wani babban kanti a Yokohama. Taito kuwa Michael Kogan ne ya kafa shi a 1953, yana harkar injinan kiɗa da na sayar da kaya masu karɓar kwandala. Sega ma ta wannan hanya ya biyo, daga injinan nishaɗi na sansanonin sojojin Amurka. Wato mutane ne da suka riga suka san lissafin injin da ke cin kwandala: nawa ya tara yau, wane lungu ya fi kawo kuɗi, yaushe za a ɗauke shi a kawo wani. Da Tomohiro Nishikado ya ƙera wa Taito Space Invaders, hanyar rarraba shi tana nan a shimfiɗe. Aka yi shi a siffar tebur mai gilashi a sama, shagunan shan kofi suka maye teburansu da shi, aka kuma buɗe wuraren da babu komai a ciki sai wannan wasa kaɗai. Ana yawan ba da labarin cewa har kwandalar yen 100 ta yi ƙaranci a ƙasar saboda shi. Masu bin diddigi na ganin akwai ƙarin gishiri a wannan magana, amma yaɗuwarta kaɗai ta isa ta nuna girman abin. Pac-Man ya biyo baya a 1980, Donkey Kong a 1981.

A wancan lokaci iyaye da malamai ba sa kallon gidan gem da mutunci. Wuri ne mai duhu, cike da hayaƙin taba, inda ake zargin yara masu gudun makaranta na taruwa. Daga 1985 aka shigar da gidajen ƙarƙashin dokar da ke kula da wuraren nishaɗin dare, wadda 'yan sanda ke sa wa ido. Aka hana kwana a buɗe, aka hana 'yan ƙasa da shekara 18 shiga bayan ƙarfe goma na dare, jihohi da yawa kuma suka ce 'yan ƙasa da 16 su tashi tun ƙarfe shida na yamma. Dokar ta kuma hana ba da kyautar kuɗi ko kaya gwargwadon nasarar da mutum ya yi. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya fi sauran tasiri a kan al'adar, a ganina. Tun da babu abin da za ka ci, abin da ya rage shi ne suna: haruffa uku a jerin masu maki, da mutanen da suka tsaya a bayanka suna kallo.

Mai gidan gem yana son kujera ta riƙa juyawa. Lissafin da masu sana'ar ke yawan ambata shi ne minti uku a kan kwandala ɗaya. Idan wasa ya yi sauƙi, mutum ɗaya zai shafe awa a kan yen 100, mai gida ya yi asara. Idan ya yi tsauri fiye da kima, ba wanda zai sake jefa kuɗi. Saboda haka dole mai ƙira ya kashe ka da wuri, amma ta yadda za ka tashi kana cewa laifinka ne, gobe za ka gyara. Daga wannan matsi ne wasannin harbi na Toaplan suka fito, sannan na Cave, kamfanin da tsofaffin ma'aikatan Toaplan suka kafa bayan ya durƙushe a 1994. A wasan Cave mai suna DoDonPachi na 1997 harsasai kan cika fuskar injin har baƙo ya ɗauka babu mafita, alhali kuwa akwai hanya, an auna ta, sai dai ba ta bayyana sai ga wanda ya mutu a wurin sau da yawa. 'Yan wasa su ma suka kafa tasu ƙa'idar: gwani shi ne wanda ya kai ƙarshen wasa da kwandala ɗaya. Wanda ya yi ta zuba kuɗi har ya ga ƙarshe, ba a ce ya gama ba. Mujallar Gamest, wadda ta fito daga 1986 zuwa 1999, tana tattara manyan makuna daga gidajen gem na faɗin ƙasar tana bugawa, ma'aikatan gidan ne kuma ke shaidar cewa an yi. Yaro a wani ƙaramin gari yana iya ganin sunansa a sama da na 'yan Tokyo.

Yanzu ga abin da ya sa tara waɗannan kaya a gida ya yiwu tun farko. A Amurka an fi sabawa da dogon akwatin katako da ake bugawa a tsaye, an yi masa zane don wasa guda. A Japan fili yana da tsada, wasanni kuma suna saurin tsufa, don haka aka raba akwati da wasa. A tsakiyar shekarun 1980 ƙungiyar masu ƙera injinan, JAMMA, ta fitar da ma'auni ɗaya na haɗa waya: baki mai haƙora 56, 28 a kowane gefe, wanda wuta da hoto da sauti da maɓallai da siginar kwandala duk ke bi ta cikinsa. Daga nan fanel ɗin Capcom, wato farantin lantarki da wasan ke kai, zai shiga akwatin Sega, na Konami ya shiga na Taito.

Ma'aikaci zai zo da makulli, ya buɗe ƙofar da ke ƙasa, daidai gwiwar mai wasa. A ciki akwai wani katako da aka ɗaure fanel a jikinsa, faranti kore mai girman tire ɗauke da jerin baƙaƙen ƙananan na'urori. Zai zare bakin wayar, ya kwance fanel ɗin, ya ɗaura wani, ya mayar da bakin. Sai ya daidaita wasu ƙananan makunnai da ke tsara tsaurin wasa da yawan rayuka, ya canja takardar bayani da ke sama da wadda ke kusa da liba, wato sandar sarrafa wasa, ya kunna. Cikin 'yan mintoci akwatin da ke wasan faɗa da safe ya koma na harbi. Idan wasan na tsaye ne, sai a juya talabijin ɗin ciki, aikin da ke buƙatar ƙarfi a yawancin akwatuna. Egret II na Taito, na 1996, an yi masa wata dabara ta juyawa ba sai an sauke kwalbar talabijin ɗin ba, shi ya sa masu son wasan harbi ke nemansa ruwa a jallo. Wanda ya fi shahara dai shi ne Astro City na Sega, na 1993: fari, jikin roba mai ƙarfi, talabijin inci 29, ana zama a gabansa a kan ɗan benci. Libarsa mai ƙwallo ce a kai, ita da maɓallan yawanci na Sanwa ne ko Seimitsu, kamfanoni biyu da har yau suke ƙera su. SNK ya ƙara sauƙaƙa lamarin a 1990 da Neo Geo MVS, inda wasa ke zuwa a kaset, fanel ɗaya kuma yana iya ɗaukar kaset har shida.

Street Fighter II na Capcom ya fito a 1991 ya sake cika gidajen. Abin da ya fi wasan kansa muhimmanci shi ne yadda Japanawa suka zaunar da shi. Maimakon mutum biyu su matsu kafaɗa da kafaɗa a gaban fuska ɗaya, sai aka jingina akwati biyu baya da baya, aka haɗa su da fanel ɗaya. Kana zaune kana faɗa da kwamfuta, sai rubutu ya faɗo cewa an ƙalubalance ka. Wani ya zauna a ɗaya gefen ya jefa yen 100. Ba ka ga fuskarsa ba, bai yi maka sallama ba, ba ka san ko ɗalibi ba ne ko ma'aikacin ofis da ya kwance nakatayal. Abin da kake ji shi ne ƙarar maɓallansa ta bayan akwatin. Wanda ya ci ya ci gaba da zama a kan kwandalarsa ta farko, wanda aka ci ya tashi, ko ya bi layi ya sake biya. Duk wanda ya taɓa zama a gidan gem a Kano ko Kaduna inda wanda aka ci shi ke biyan kuɗin wasa ya san yadda wannan sharaɗi ke sa hannu ya yi gumi. Bambancin shi ne a Japan abokin karawar baƙo ne, kuma ana iya shafe watanni ana gwabzawa da mutum kafin a yi magana da shi. Ga mai gida kuwa babu abin da ya kai wannan riba, domin duk minti biyu ko uku dole ɗayansu ya faɗi. A irin waɗannan kujeru Daigo Umehara ya koyi wasa, kafin duniya ta san shi a Evo ta 2004, babbar gasar wasannin faɗa da ake yi a Amurka.

Bayan nan gidajen sun yi ta neman abin da ba a iya yi a gida. Sega ya riga ya kawo Hang-On a 1985, babur da ake hawa a karkata, da UFO Catcher a shekarar, injin da ake ɗauko 'yar tsana da ƙugiya. Print Club na 1995 ya jawo 'yan mata 'yan makaranta da hotunan mannawa. Konami ya kawo wasannin kiɗa da rawa, beatmania a 1997 da Dance Dance Revolution a 1998, Namco ya kawo gangar Taiko no Tatsujin a 2001. Duk da haka alƙaluman 'yan sandan Japan sun nuna gidajen gem sun ragu daga sama da 26,000 a 1986 zuwa kusan 4,000 a 2019.

Ana yawan ɗora laifin a kan PlayStation da wayar hannu, kuma suna da nasu kason. Amma a duba kwandalar. Harajin saye ya fara da kashi 3 cikin ɗari a 1989, ya koma 5 a 1997, 8 a 2014, 10 a 2019. Mai shagon abinci zai ƙara 'yan yen a kan farashi. Mai gidan gem ba shi da wannan dama, domin injinsa ba ya karɓar yen 110, idan kuma ya ce 200 ya kori kowa. Saboda haka daga aljihunsa harajin ke fita: a kowace kwandala kusan yen 9 na gwamnati ne. An gwada katin kuɗi na lantarki don a samu damar sassauta farashi, Konami da PASELI a 2010, Taito daga 2015, amma ɗaura na'urar karanta kati a kowane akwati kuɗi ne da ƙaramin gida ba shi da su. Sai annobar korona ta zo ta same su a raunane. Sega ya rufe ɗaya daga cikin gine-ginensa na unguwar Akihabara da ke Tokyo a watan Agustan 2020, babban gidansa na unguwar Ikebukuro ya bi a Satumban 2021, a farkon 2022 kuma ya kammala sayar wa kamfanin Genda harkar gidajen baki ɗaya, aka sauke sunan Sega aka ɗora GiGO. Gidajen da suka rage yawancinsu manya ne, a cikin kantuna, kuma injinan ƙugiya ne ke kawo fiye da rabin kuɗin shigarsu. 'Yan sanda sun kau da kai ga waɗannan muddin kyautar ƙarama ce, a 2022 ma aka ɗaga iyakarta daga yen 800 zuwa 1,000. Wasan bidiyo ya koma hawa na sama ko ƙarƙashin ƙasa, idan ma akwai shi.

Kowane gida da aka rufe yana amayar da kaya, nan masu tarawa ke shigowa. A cikin Japan, inda ɗakuna ƙanana ne, yawanci ba akwatin ake saya ba. Fanel ake saya, da wani ɗan akwati mai ba shi wuta ya kai hotonsa talabijin, ga liba da maɓallai a kai. Turawa na kiran sa supergun. Mutum zai iya ajiye wasa hamsin a kan kanta, kowanne a naɗe cikin ledar kariya. Shaguna irin su BEEP da G-Front a Akihabara sun yi suna a wannan ciniki, amma mafi yawansa yanzu a gwanjon Yahoo na Japan ake yi, 'yan waje kuma na bi ta hannun kamfanonin da ke saya a madadinsu su aiko. Manyan akwatunan kuwa da dama sun tafi Turai da Amurka da Ostireliya cikin kwantena, yawanci mutane da yawa ne ke haɗa kuɗi su cika ɗaya, domin akwati guda yana kusan kilo 100. Wani fanel ɗin idan an kunna shi a can, abin da zai fara nunawa shi ne gargaɗin cewa an yi shi ne don amfani a Japan kaɗai.

Saye shi ne ɓangare mai sauƙi. Akwatin da ya yi shekara ashirin a gidan gem yana zuwa da rawayar taba a jikinsa, da tabon wuta inda aka riƙa ajiye sigari kusa da maɓalli, sai an kwance shi gaba ɗaya an wanke. Wutar Japan bolt 100 ce, don haka a ƙasar da ke amfani da 230, kamar Najeriya ko Ingila, wanda ya jona shi kai tsaye ba taransifoma ya ƙona abinsa. Sannan ga kwandensa, ƙananan na'urorin riƙe wuta, da ke tsufa su zubar da ruwa mai cin layukan fanel. Akwai kuma ƙananan na'urori da kamfani ya ƙera wa wasanninsa kaɗai, ba a taɓa sayar da su a kasuwa ba, idan ɗaya ta mutu sai dai a ciro daga wani fanel ɗin da ya lalace. Jabu ma sun cika kasuwa tun zamanin Street Fighter II, haka nan akwai masu ɗaukar fanel ɗin wasa mai araha su mayar da shi mai tsada su sayar a matsayin na asali. Takardun bayani na asali kaɗai suna iya ɗaga farashi sosai, wasu wasannin Cave kuma sun daɗe da haura dala dubu.

Matsalar da ta fi ba ni takaici da gangan aka dasa ta. Don ya hana satar fasaha, Capcom ya kulle wasannin tsarinsa na CPS-2, na 1993, da mabuɗin sirri da ke zaune a ƙwaƙwalwar da batir ke riƙe da ita. Ranar da batir ya ƙare, mabuɗi ya goge, wasa ya mutu. A lokacin ba damuwa ba ce, sai a mayar wa kamfani ya gyara. Da kamfani ya daina karɓa, sai dubban fanel suka zama masu jiran ajali a kan kanta. Masu sha'awa ne suka ceto su, da farko ta hanyar sauya manhajar da wadda aka cire wa kulle, daga baya a 2016 Eduardo Cruz da abokan aikinsa suka gano yadda ake mayar da mabuɗin asali. Aikin shekaru ne da ba wanda ya biya su.

Talabijin ɗin kuwa babu wanda zai ceto ta haka. Waɗannan wasanni an zana su ne don tsohuwar talabijin mai kwalba, wadda ke nuna hoto nan take ba jinkiri, kuma an daina ƙera irinta. Kwalba tana dusashewa, hoton wasan da ya daɗe a kanta yana ƙonewa ya bar inuwa, kuma tana riƙe wuta mai haɗari ko bayan an kashe ta, ba wurin koyon gyara ba ne ga wanda bai sani ba. Kowace da ta fashe ta tafi ke nan.

Sai mutum ya tambaya, me ya sa za a sha wannan wahala alhali MAME, manhajar da Nicola Salmoria ya fara a 1997, tana buga dubban waɗannan wasanni a kwamfuta? Ga kuma na'urar MiSTer da ke kwaikwayon ainihin tsarin lantarkin, ga Arcade Archives na kamfanin Hamster da ke sayar da su bisa izini, har Sega da Taito sun fitar da ƙananan Astro City da Egret II na kan tebur a 2020 da 2022. Ga mai son ya buga kawai, waɗannan sun wadatar, kuma ba na tare da masu raina su. Gwanin da ke auna motsinsa da kashi ɗaya cikin sittin na daƙiƙa zai iya jin bambanci, yawancin mutane ba za su ji ba. Amma duk kwaikwayon nan daga fanel na asali aka ciro shi, da shi kuma ake gwada ko an yi daidai. Ba don wani ya ajiye fanel ɗin ya ba da aro an karanta ba, da wasanni da yawa na kamfanonin da suka rushe sun ɓace.

Shi ya sa nake raba masu tarawa gida biyu. Akwai mai gyara, mai rubuta abin da ya gano don wasu su amfana, mai buɗe garejinsa a ƙarshen mako mutane su zo su buga. Akwai kuma mai saye ya kulle yana jiran farashi ya tashi. Na biyun yana cutar da wuraren da suka rage, domin gidaje irin su Mikado a unguwar Takadanobaba da ke Tokyo da HEY a Akihabara, inda har yanzu ake buga tsofaffin wasanni a kan yen 100 ko ƙasa da haka, a wannan kasuwa ɗaya suke neman kayan gyara. Mikado yana shirya gasa a kai a kai yana watsawa a intanet, da korona ta tilasta rufewa a 2020 kuma jama'a ne suka tara masa kuɗi. Fanel ɗaya a can mutum ɗari za su taɓa shi a wata, su gano dabarun da mutum ɗaya a ɗakinsa ba zai gano ba.

Ko mai tarawa na kirki ma akwai abin da ba ya samu. Abu na farko da yawanci ake yi a gida shi ne a mayar da injin wasan kyauta. Daga nan mutuwa ba ta da farashi, wasan da aka gina don ya kore ka a minti uku ya zama abin da za ka gama a rabin awa ta hanyar danna ci gaba. Wasu sun gane haka, suna barin ramin kwandala yana aiki, su ajiye kwanon yen 100 a gefe, su hana kansu ci gaba. Yana taimakawa. Amma kuɗin naka ne, makullin akwatin yana aljihunka, kuma babu baƙon da zai zauna a ɗaya gefen.

Sannan abin tarawar kansa yana da iyaka. Daga Virtua Fighter 4 na 2001, wanda ya zo da katin ajiye tarihin ɗan wasa, injina suka fara jinginuwa da intanet. Konami ya kafa e-amusement, Sega ya kafa ALL.Net, Taito ya kawo NESiCAxLive a 2010, inda ake sauko da wasa daga kwamfutar kamfani, mai gida kuma ya riƙa biyan kaso a kan kowane bugu. A wannan tsari ko mai gidan gem ba shi ne mai wasan ba, balle wanda ya sayi akwatin a gwanjo. Border Break na Sega, wasan da mutum goma ke karawa da goma daga gidaje daban-daban, ya fara a 2009, aka kashe layinsa a Satumban 2019, daga ranar kuma akwatunansa ba su da inda za su haɗu. Wasu masu sha'awa na gina kwamfutocin kansu da ke kwaikwayon na kamfani don su tayar da irin waɗannan injina, amma a ɓoye suke yi, domin ba su da izini, kuma kamfanoni na iya sa a rufe su a kowane lokaci.